Tuƙin Keke a Cikin Ɗaki: Abin da Ya Kamata Mutum Ya Sani Kafin Ya Sayi Na'urarsa ta Farko

A ƙarshen watan Fabrairu na shekarar 2016, wani mahayin keke mutumin Ostareliya, mai suna Mathew Hayman, ya faɗi a cikin wani tsere da ake yi a ƙasar Beljiyam, ƙashin hannunsa ya karye, alhali kuwa saura mako shida kaɗai a yi tseren nan na Paris zuwa Roubaix, wanda tsawonsa ya haura kilomita 250, kuma fiye da kilomita 50 daga ciki tsohuwar hanya ce da aka daɓe da duwatsu, irin wadda take jijjiga hannun mai lafiya ma, balle na mai karaya. Da yake ba shi da ikon fita titi, sai ya ɗora kekensa bisa wata na'ura a cikin garejin gidansa, ya jingina karyayyen hannun a kan tsani, ya yi ta murza feda a wuri ɗaya kwana da kwanaki, yana duban hanyar da manhajar Zwift take nuna masa a allo. Ranar 10 ga Afrilu, yana da shekara 37 da haihuwa, ya shiga tseren, ya kuma cinye shi, bayan ya sha gaban Tom Boonen, gwarzon da ya riga ya ci wannan tsere har sau huɗu.

Wannan labari ya ishi mai hankali hujja a kan cewa na'urar atisayen keke ta cikin ɗaki abu ce mai fa'ida ta haƙiƙa. Amma fa sanin fa'idar abu daban, sanin wanda ya dace da mutum daban. Kuma da yake kasuwar waɗannan na'urori ta cika ta batse, kowane kamfani yana wasa nasa, sau da yawa wanda zai sayi ta farko yakan rikice, ya zuba dukiya a kan abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, ko kuwa ya sayo abin da ba zai hau kekensa ba sam. Manufar wannan rahoto ita ce a warware masa al'amarin daki-daki, domin ya yi zaɓi bisa basira.

Asalin na'urar

Sanyin ƙasashen Turai da Amurka shi ne ya haifi wannan na'ura. A can, daga watan Nuwamba zuwa Maris, rana takan faɗi tun ana ganin la'asar ba ta yi sakaliya ba, ƙanƙara ta rufe hanya, ruwa da iska su hana fita, ga shi kuwa mai tsere idan ya ajiye keke wata uku, ƙarfin da ya tara a shekara sai ya zube. Saboda haka tun ƙarshen ƙarni na 19 mahaya suka ƙago wasu ganguna masu juyawa da ake ɗora keke a kansu, har aka riƙa yin gasa da su a cikin zauruka mutane suna kallo. Daga baya kamfanoni suka ɗauki sana'ar: Tacx, wanda ya fara da shagon kekuna a Wassenaar ta ƙasar Holan a 1957, kuma kamfanin Garmin ya saye shi a 2019, da Elite na ƙasar Italiya, da Saris da Kinetic na Amurka, da Wahoo na birnin Atlanta, wanda na'urarsa mai suna Kickr ta shiga kasuwa wajajen 2013. Tun a 1986 wani kamfani a Seattle ya fito da CompuTrainer, wadda take haɗa keke da kwamfuta, amma sai da Zwift ta bayyana a 2014, sa'an nan annobar korona ta kulle mutane a gidajensu a 2020, kana al'amarin ya game duniya. A watan Disamba na wannan shekara hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko ta tseren keke ta manhaja a cikin ɗaki, wadda Ashleigh Moolman Pasio 'yar Afirka ta Kudu ta ci a ɓangaren mata, Jason Osborne na Jamus kuma ya ci a ɓangaren maza.

'Yan'uwanmu mazauna Ingila da Jamus da Kanada da Amurka, ɗalibai da ma'aikata, sun san wannan larura ta hunturu da jikinsu. Mu kuma da ke gida, ko da yake ƙanƙara ba ta dame mu ba, muna da namu uzurin: zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da ƙurar hunturu mai shaƙe ƙirji, da cunkoson motoci da babura a titunan da ba a ware wa keke hanya ba. Akwai kuma iyayenmu mata da ƙannenmu da matanmu, waɗanda likita yakan umurta da motsa jiki, su kuwa sun fi son su yi shi cikin sutura da natsuwa a ɗakinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma keke yana daga cikin hanyoyin da suka fi sauƙi ga gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki.

Yadda take aiki

Mai tuƙi a titi yana kokawa ne da iska da tudu da gugar taya a ƙasa, kuma iska ita ce babbar abokiyar gabarsa, domin idan ya ninka gudunsa sau biyu, ƙarfin da zai kashe wajen keta iska yakan ninku kusan sau takwas. A cikin ɗaki babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka aikin na'urar shi ne ta ƙago turjiyar da za ta maye gurbinsu, kuma hanyoyin da aka bi wajen yin haka uku ne.

Ta farko ita ce fanka, watau ƙafar keke ta juya wasu fukafukai su doki iska. Tana ba da turjiya mai kama da ta titi, sai dai ƙararta ba ta barin a ji magana a ɗaki, shi ya sa aka kusa daina yin ta. Ta biyu maganaɗisu ne, wanda ake kusanto da shi ga wani faifan ƙarfe mai juyawa, ya riƙa riƙe shi ba tare da ya taɓa shi ba. A masu araha akan ƙara turjiyar ko a rage ta da wani maɓalli da ake ɗaurawa a kan keke, a masu tsada kuwa lantarki ne ke yin wannan aiki. Ta uku ruwa ne mai kauri, galibi man silikon, da aka rufe cikin wani ƙoƙo tare da farfela; gwargwadon yadda ka ƙara gudu, gwargwadon yadda ruwan yake ƙara turje maka, ba tare da ka taɓa wani maɓalli ba, sai dai ka sauya giya kamar yadda kake yi a hanya. Illar tsofaffin masu ruwa ita ce yoyo ta wurin da sandar farfela ta huda ƙoƙon, wanda kamfanin Kinetic ya magance ta hanyar toshe ƙoƙon gaba ɗaya, ya sa maganaɗisu ya riƙa juya farfelar daga waje.

Bayan turjiya akwai wani abu da masu saye sukan manta da shi, watau faifan nan mai nauyi da ke ajiye gudu. A titi, idan ka tsai da feda, keke yakan ci gaba da tafiya saboda nauyinka. A na'urar da faifanta ba shi da nauyi kuwa, da ka sassauta sai ƙafar ta tsaya cik, tuƙi ya zama na fizga da tsayawa, mai gajiyar da gwiwa. Faifan Kickr Core ya kai kilo 5.4, na babbar Kickr ya ɗara kilo 7, kuma wannan nauyi yana daga cikin abin da ke sa mutum ya ji daɗin zama bisa sirdi tsawon awa guda.

Rukunan na'urorin

Rukuni na farko shi ne ganguna uku, wanda ya fi kowanne daɗewa. Biyu suna ƙarƙashin ƙafar baya, ɗaya ƙarƙashin ta gaba, an haɗa su da bel, babu abin da ke riƙe keken sai gwanintar mahayi. Wanda ya ga ɗan koyo a kansu ba zai manta ba: an girka su a bakin ƙofa domin ya sami abin dafawa dama da hagu, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa feda, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya a jikin bango, idonsa ya kafe a kan tayar gaba, tana ta zamewa gefe, shi kuwa yana ta fizgo ta, har sai an ce masa ya ɗaga kai ya dubi gabansa, ya ƙara gudu, ya saki kafaɗunsa, sa'an nan keken ya miƙe ya natsu. Suna koya wa mutum daidaito da tsabtar murza feda, ba su da nauyi, ba sa buƙatar lantarki, shi ya sa masu tsere suke ɗumama jiki da su kafin gasa. Amma ga wanda yake neman lafiya kawai, ko mai shekaru, ko mai nauyin jiki, ban ga hikimar ya fara da su ba, domin faɗuwa a cikin ɗaki tsakanin kujeru da tebur ba ƙaramin haɗari ba ne.

Rukuni na biyu shi ne wanda ake ɗora keke da ƙafarsa ta baya. Ƙarafa ne masu naɗewa, suna maƙale sandar tsakiyar ƙafar ta gefe biyu, su ɗaga ta daga ƙasa, sa'an nan a murɗa wani kunne har ƙaramar ganga ta danne tayar. Shi ne mafi araha, ana samun mai kyau da dala ɗari zuwa ɗari uku, ɗora keke da sauke shi ba ya wuce minti biyu, kuma idan an gama sai a naɗe a jingine bayan ƙofa. Aibinsa yana wurin tayar. Idan kunnen bai matsu sosai ba, da ka taka da ƙarfi sai ka ji tayar ta yi ƙara ta zame. Idan kuwa ya matsu fiye da kima, sai robar ta yi zafi, ka ji ƙaurinta, bayan 'yan makonni ka ga baƙin gari ya taru a ƙasa bayan na'urar, tsakiyar tayar kuma ta baje ta yi sulɓi. Maganin wannan shi ne a sayi tayar da aka yi musamman domin wannan aiki, ko a sa tsohuwar taya mai santsi, a kuma riƙa ba ta iska daidai kowace rana. Taya mai gurzu-gurzu irin ta keken daji kuwa, ƙararta a kan ganga sai ta tashi gida duka. Akan kuma sa ɗan tudu ƙarƙashin ƙafar gaba domin keken ya daidaita.

Rukuni na uku shi ne wanda ake cire ƙafar baya gaba ɗaya, a ɗora sarƙar keke kai tsaye bisa haƙoran giya da ke jikin na'urar. Da yake babu taya, babu zamewa, babu cin roba, ƙara kuma ba ta wuce ta sarƙa da giya ba, awon ƙarfi kuma ya fi inganci nesa ba kusa ba. Farashinsa yakan fara daga wajen dala ɗari huɗu zuwa ɗari biyar, ya haura dubu ga manya irin su Tacx Neo. Nauyinsa yakan kai kilo 18 zuwa 22, wanda ya kamata mai niyyar yo odarsa daga waje ya lissafa, domin kuɗin dako da na kwastan suna iya zama rabin kuɗin kayan.

Rukuni na huɗu shi ne keken da aka ƙera shi a tsaye tun asali, irin wanda ake gani a gidajen motsa jiki. Akwai masu sauƙi da ake matse faifansu da birki ko da maganaɗisu, akwai kuma na alfarma irin su Wattbike na Ingila da Peloton na Amurka, waɗanda wasunsu sun haura dala dubu biyu. Falalarsa ita ce mutanen gida duka za su iya hawa, domin sirdi da kai suna hawa suna sauka gwargwadon tsawon kowa, kuma ba sai an mallaki wani keke ba. Naƙasunsa shi ne yana cin wuri dindindin, kuma ba ya fita titi.

Mai ƙwaƙwalwa ko marar ƙwaƙwalwa

A cikin rukuni na biyu da na uku akwai waɗanda aka sa wa ƙwaƙwalwar lantarki, suna auna ƙarfin da mahayi yake bayarwa da ma'aunin wat, suna aika shi zuwa waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko ANT+, manhaja kuma tana maido musu da umurni. Idan hanyar da ke allo ta hau tudu, sai feda ta yi nauyi. Idan ta gangara, sai ta yi sauƙi. Akwai kuma tsarin da ake kira ERG, inda za a ƙayyade, alal misali, wat 150 na minti goma, na'urar ta riƙe mahayi a kan wannan adadi ko ya yi sauri ko ya yi sannu, ta ɗauke masa wahalar lissafi. Wanda ya fara gajiya a wannan tsari, ƙafarsa ta riƙa sassautawa, na'urar za ta ƙara masa nauyi domin ta cika adadin, har feda ta ƙi juyawa. Idan ya ji alamar haka, sai ya rage adadin tun da wuri.

Babbar fa'idar wannan ƙwaƙwalwa ita ce korar gundura, wadda ita ce cutar da ke kashe atisayen cikin ɗaki. Awa guda ana duban bango tana da tsawo ƙwarai, amma idan mutum yana ganin wasu mahaya daga ƙasashe dabam-dabam suna wuce shi yana wuce su, ko yana bin hoton wata hanya ta haƙiƙa kamar yadda manhajar Rouvy take nunawa, sai lokaci ya shuɗe bai sani ba. Sai dai kowane jin daɗi da nasa haraji. Zwift tana karɓar kusan dala 20 kowane wata, wanda a shekara biyu ya kai kuɗin wata na'urar. MyWhoosh ta Abu Dhabi, wadda ta karɓi shirya gasar duniya tun daga 2024, kyauta ce, amma tana son waya ko kwamfuta mai ƙarfi. Kuma dukansu suna buƙatar intanet da ba ta yankewa. Mafi yawan waɗannan na'urori kuma sai da wuta, kuma ko da yake abin da suke ci kaɗan ne, wanda sola ko inbata za su ɗauka ba wahala, wutar da ke hawa tana sauka tana iya ƙona allon lantarkinsu, gyaransa kuwa ba a kowane gari ake samun mai yi ba. Tacx Neo tana iya aiki ba a jona ta ba, domin tana samar da wutarta daga tuƙin mahayi. Mai ruwa da ganguna kuwa ba ruwansu da lantarki ko kaɗan.

Game da alƙaluman da ake rubutawa a jikin kwali, ina roƙon mai saye kada su ruɗe shi. Za a ce wannan tana jure wat 1,800, waccan 2,200. Wannan tana kwaikwayon tudu mai kashi 16 cikin ɗari, waccan 25. Wannan kuskuren awonta kashi 2 ne, waccan kashi 1. Haƙiƙa kuwa mai farawa yawancin tuƙinsa tsakanin wat 100 ne da 200, kuma tudu mai kashi 10 ya isa ya fitar masa da numfashi. Bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma maslaha ce ga mai gasa wanda ake tantance sakamakonsa, ga waninsa kuwa biyan ninkin kuɗi dominsa israfi ne.

Tambayoyi uku kafin a buɗe jaka

Tambaya ta farko ita ce niyya. Shin kana son ka rage ƙiba ne, ka kiyaye zuciya, minti talatin sau huɗu a mako? Ko kai mahayi ne da ke fita da ƙungiya ranar Asabar, kana son ka riƙe ƙarfinka a watannin da fita take wuya? Ko kuwa gasa kake hari? Sai mutum ya gaya wa kansa gaskiya a nan, domin kowace amsa tana da na'urarta, kuma yawancin na'urorin da suka koma maratayar tufafi a gidaje an saye su ne bisa burin da ya fi ƙarfin halin mai su.

Tambaya ta biyu ita ce keken da ke hannu, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ƙafar baya iri-iri ce: akwai mai siririyar sanda da ake buɗewa da ɗan hannu, faɗinta milimita 130 a keken titi, 135 a keken daji, akwai mai kaurin sanda na milimita 12 da ake murɗawa cikin bodi, faɗinta 142 ko 148, wadda mafi yawan sababbin kekuna masu birkin faifai suke zuwa da ita, akwai kuma mai noti gefe biyu. Na'urar da ake cire wa ƙafa takan zo da ƙarafan daidaitawa na biyun farko, amma wajibi ne a tabbata kafin a biya. Sa'an nan a ƙirga haƙoran giyar baya, takwas ne ko tara ko goma ko sha ɗaya ko sha biyu, domin waɗanda za a ɗaura a na'urar dole su yi daidai da su, kuma sau da yawa ba sa zuwa a cikin kwali, sai an saya daban an kai wa mai gyaran keke ya ɗaura da makullinsu. Haƙoran kamfanin Shimano da mafi yawan na SRAM suna hawa mazauni ɗaya, na Campagnolo kuwa nasa daban ne. Zwift ta fito da wani haƙori guda ɗaya da ke karɓar sarƙar kekuna masu giya takwas zuwa sha biyu, a riƙa sauya giya ta cikin manhaja, wanda ya sauƙaƙa wa gidan da ke da keke fiye da ɗaya. Amma keken nan namu na gado, Raleigh ko Phoenix, mai giya ɗaya da noti da kariya a baya, ba zai hau irin wannan na'ura ba. Ko a mai riƙe ƙafa ma sai an nemo notin da ya dace da bakinta. Mai irin wannan keke, keken tsaye ya fi masa alheri.

Tambaya ta uku ita ce ɗakin. Ana buƙatar wuri mai tsawon kamar mita biyu da faɗin mita ɗaya, kusa da taga. Wanda ke zaune a saman bene ya sani cewa jijjigar na'ura tana bin daɓe ta sauka kan na ƙasa da shi fiye da yadda shi yake ji, haƙƙin maƙwabci kuwa abu ne da shari'a ta girmama. Sai ya shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, ya zaɓi na'ura marar ƙara, ya kuma guji tuƙi lokacin barcin mutane. Gidan da ke da ƙananan yara kuma, a kiyaye su daga ƙafa mai juyawa da sarƙa, da kuma ƙoƙon ruwa, wanda yake yin zafin da zai ƙona hannu bayan an gama.

Zafi da zufa

Idan da za a tambaye ni abu guda da ya fi muhimmanci bayan na'urar kanta, da na ce fanka. Dalili kuwa shi ne jikin ɗan Adam, daga cikin ƙarfin da yake ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kaɗai yake kai wa feda, saura duk zafi yake zama. Saboda haka wanda yake ba da wat 200 yana fitar da zafin wat 600 zuwa 800, kusan na ƙaramin risho na lantarki. A titi iskar tafiya ce ke kwashe wannan zafi, a ɗaki kuwa babu mai kwashe shi, sai ya taru a jiki, bugun zuciya ya hau, ƙarfi ya ragu, mutum ya zaci rauninsa ne. Fankar silin ba ta wadatarwa. A sami mai tsayawa a ƙasa, mai ƙarfi, a saita ta ga ƙirji da fuska, wanda wutarsa ba ta da tabbas kuma ya nemi mai caji. A ajiye ruwa kusa, domin zufa tana iya kai lita guda a awa, ko fiye a lokacin bazara. A zaɓi sanyin safiya bayan asuba, ko bayan isha'i. A watan azumi kuma a bari sai an sha ruwa jiki ya dawo.

Zufar nan tana cutar da keke ma. Duk mai gyaran keken da ya saba karɓar kekunan cikin ɗaki ya san abin da zai tarar idan ya warware ƙyallen da aka naɗe kan keke da shi: farin gari kamar gishiri ya lulluɓe alminiyon, ƙarfen ya yi ramuka-ramuka, kusoshin wuya sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, boris ɗin sitiyari ya bushe yana ƙara. Irin wannan kai yana iya karyewa ranar da aka fita titi. Tawul guda da aka shimfiɗa daga kai zuwa sirdi, da goge keke da ɗanyen tsumma bayan kowane tuƙi, da sa wa sarƙa mai a kan kari, sun isa su kawar da wannan mafsada.

Sabuwa ko ta hannu

Kasuwar na hannu tana da arziki a wannan fanni, domin mutane da yawa sun saya lokacin kullen korona suka ajiye. Mai ruwa ko mai maganaɗisu ta hannu ba ta da haɗari sosai: a duba babu alamar mai a jikin ƙoƙo, ganga ba ta cinye ba, ƙafafu ba sa girgiɗi. Mai ƙwaƙwalwa kuwa kada a saya sai an ɗora keke an tuƙa ta minti goma, an ji babu ƙwanƙwasa ko gurnani, an haɗa ta da waya an ga tana amsawa, an kuma tabbata cajarta da ƙarafan daidaitawa suna nan, cajar kuma tana karɓar wuta mai ƙarfin volt 230 irin tamu.

Hukunci

Ga abin da na tsaya a kai. Wanda lafiya kawai yake nema, ko ba shi da keke mai giya, ko iyalinsa za su yi tarayya da shi, ya sayi keken tsaye mai maganaɗisu. Wanda yake da keke mai kyau, kuɗinsa kuwa ƙalilan ne, ko wutarsa da intanet ɗinsa ba su da tabbas, ya sayi mai ruwa wadda ake ɗora ƙafa a kanta, za ta yi masa shekaru ba ta nemi kome ba. Wanda ya tabbata zai dawwama, yana da wuta da intanet, kuma ya san gundura za ta kayar da shi idan ba allo, ya sayi mafi arahar masu ƙwaƙwalwa da ake cire wa ƙafa, ya bar manyan ga masu gasa. A kowane hali ya ware kuɗin fanka da tabarma tun farko.

Ya kai mai karatu, jikinka amana ce a hannunka, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da mu falalar aikin da aka dawwama a kansa ko da ƙanƙani ne. Idan kana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon sukari, ko ka daɗe rabonka da motsa jiki, ka ga likita kafin ka fara. Sa'an nan ka auna kekenka, ka auna ɗakinka, ka auna aljihunka, ka sayi daidai buƙatarka, ka fara da minti ashirin sau uku a mako, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.